Yinin Asabar da Mama da fina-finan Kirsimeti

Asabar, 14 ga Disamba

Yau aikin yini na yi a gidan Mama, dattijuwar da nake kula da ita a nan birnin Columbus na Amurka. Ba'amurkiya ce, ta haura tamanin, bakina ne ya kasa kiran sunanta gatsau har ta saba da "Mama". Bayan wanka da magani da karin kumallo ta ce in kai ta kujerarta in kamo mata tashar Hallmark. Tun ƙarshen Oktoba tashar ke nuna fina-finan soyayya na Kirsimeti dare da rana. A 2009 suka faro wannan al'ada, daga baya kuwa sababbin da suke fitarwa a shekara suka kai wajen 40.

Ina ninke wanki ina kallo. Budurwa ce mai babban aiki a New York, waya ba ta barin kunnenta. Shugabanta ya tura ta wani ɗan ƙaramin gari ta kammala cinikin wani tsohon masauki da kamfaninsu ke son rushewa, garin kuwa nan aka haife ta. Tana sauka ta yi karo da wani mai gonar bishiyoyin Kirsimeti, matarsa ta rasu ta bar masa 'yar yarinya. Da farko ba sa ga maciji. Daga nan sai gasa biskit tare, gari ya shafi hancinta ya goge mata, sai shan cakulan mai zafi, sai daren da dukan gari ke taruwa a dandali a kunna fitilun babbar bishiya. Saurayinta na birni ya bugo waya, maganar kuɗi kawai yake yi. Ana dab da ƙarewa ta tsinci rabin wata magana, ta yi mata mummunar fahimta, ta haɗa akwatinta. Mama ta ɗaga yatsa ta ce, "Ki sa ido, yanzu tsohuwar nan mai masauki za ta zaunar da ita." Haka aka yi. Budurwa ta dawo, dusar ƙanƙara ta soma zuba, suka sumbaci juna sau ɗaya, fim ya ƙare.

A fim na biyu yarima ne daga wata ƙasar Turai da babu ita a taswira, ya ɓoye sarautarsa. Sauran duk hanya ɗaya suka bi.

Mama ta san sirrin abin sarai. Ita ta gaya mini yawancinsu a Kanada ake ɗauka, musamman kewayen Vancouver, saboda rangwamen haraji, kuma cikin sati biyu zuwa uku an gama. Sau da yawa ma a tsakiyar zafi ake yi, 'yan wasa na gumi cikin manyan rigunan sanyi, dusar kuma ta jabu ce. Kamfanin da ya mallaki tashar da katin gaisuwa ya fara, a Kansas City tun 1910. Duk wannan bai rage mata komai ba. Kallonta ya tuna mini da yadda muke zama gaban kakarmu a Kaduna, mun haddace tatsuniyar tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus", amma idan ta tsallake wuri ɗaya sai mu yi ca mu ce ba haka ba ne.

A watan Disamba mijinta ya rasu. 'Ya'yanta suna jihohi masu nisa, waya ce ke haɗa su. Labaran duniya kan hana ta barci, shi ya sa ba na kunna mata. A fina-finan nan kuwa babu wanda ake kashewa, babu wanda ke cin abinci shi kaɗai. Abin da na fi lura da shi yau shi ne matsayin tsofaffi a ciki. Kullum akwai kaka ko dattijo mai farin gemu da kowa ya san shi, ana shiga gidansa ba sai an yi alƙawari ba, ana neman shawararsa, kuma maganarsa ce ke gyara al'amarin a ƙarshe. Duk lokacin da tsohuwar masaukin ta fito, Mama kan gyara zama. Ina ganin ita take jira, fiye da masoyan.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai dai. Me ya sa kusan kullum macen ce ke ajiye aikinta? Ana nuna aikin birni kamar wata cuta da za a warke daga gare ta. Ni na bar gida ne don aiki, da shi ake biyan kuɗin makarantar ƙannena da maganin Baba. A garin fim babu mai lissafin kuɗin haya, gidan biredin da ake cewa ya kusa durƙushewa kullum cike yake da masu saye. Na faɗa wa Mama haka. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ta ajiye koyarwa da ta yi aure, kuma har yau takan yi mafarkin tana cikin aji. Mun daɗe a kan wannan hira, har wani fim ya wuce ba mu kalla ba. Ta ba ni labarin ɗalibanta na farko, ta tuna har inda kowa ke zama.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna rana ta faɗi, na yi sallar magariba a ɗakin baƙi, mai karɓata ta iso da bakwai. Kafin in fito Mama ta sa na ɗauko mata wani tsohon littafi daga saman firiji, inda mahaifiyarta ta rubuta yadda take haɗa biskit ɗin Kirsimeti. Ranar Litinin za mu gwada. Sai na biya shago na sayo bota da kirfa, kuma zan fara tambayar nas ɗinta nawa za ta iya ci, saboda ciwon sukarinta.