Godiya bayan kammala horar da sababbin masu jagorantar tattaunawa

Alhamdu lillahi, Allah cikin ikonsa ya nufa mun rufe taron horaswar nan lafiya, kowa ya koma gida da takardar shaidarsa a hannu. Duk wanda ya bi mu tun daga farko ya san abin da muka sha, daga janyewar waɗanda suka yi alkawarin ɗaukar nauyi har zuwa iskar da ta yaye kwanon zauren da muka kama, don haka ba sai na maimaita ba. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, muryata ma a dishe take, amma ban ga dacewar in kwanta hutawa ba kafin in sauke nauyin godiyar da ke kaina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne ranar gwaji, ranar da kowane ɗalibi zai tashi ya jagoranci zama da kansa. Mun daɗe muna nanata musu cewa mai jagoranci yana tambaya ne ya yi shiru ya saurara, har mutane su fito da abin da ke cikinsu. Mun kawo musu sukar da Paulo Freire, malamin nan ɗan Burazil, ya yi wa koyarwar da ke ɗaukar ɗalibi kamar asusun banki da malami ke zuba wa ajiya. Mun kuma bi da su matakai huɗu na tsarin da John Whitmore na Ingila ya yaɗa a littafinsa na 1992, wato a fara tambayar mutum burinsa, sannan halin da yake ciki, sannan hanyoyin da ke gabansa, daga ƙarshe abin da ya ƙudurta aikatawa da lokacin da zai fara. Rubuta waɗannan a allo ba wuya, wuyar tana ga ranar da mutum zai tsaya idanu su yi masa caa.

Da layi ya zo kan mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, wata yarinya da ke koya wa matan aure karatu a unguwarsu, sai ta tashi da maka, wato alƙalamin rubutu a allo, a hannu ta tsaya gaban takardar da muka manna a bango, domin babu wutar da za a kunna majigi. Ta ɗaga kai ta ga limamai da masu unguwa da shugabannin ƙungiyoyin mata waɗanda duk sun haife ta, nan take bakinta ya mutu. Hannunta ya dinga rawa har murfin makar ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin benci. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin na san idan wani ya yi dariya, ko kuma ni na karɓe zaman don in rufa mata asiri, da wuya ta sake tsayawa gaban jama'a. Mu ne muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan kada su haɗa ido da manya, ga shi yau mun ce ta yi musu tambaya.

Ana cikin wannan hali sai wani dattijo, tsohon malami da ya fara koyarwa a azuzuwan yaƙi da jahilci tun lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980, ya sunkuya da kansa ya ɗauko murfin. Ya dube ta ya ce, “'Yata, yau mu ɗalibanki ne. Me kike so mu fita da shi daga ɗakin nan?” Daga nan bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bai kuma bari wani ya ƙara ba. Can ta ce, “Baba, so nake a gaya mini abin da ke hana mata zuwa aji idan damina ta kankama.” Sai matan da ke wurin suka shiga ba ta amsa, wannan ta kawo dafa abincin masu aikin gona, waccan ta kawo rashin mai riƙe yara, ita kuwa tana rubutawa tana ƙara tambaya, har suka tsaya a kan a gwada mayar da ajin bayan la'asar. Matakin farko na abin da muka koyar ne dattijon nan ya yi amfani da shi ya tsamo ta, kuma ya yi shi da ladabin da ban taɓa iya kwatanta musu da baki ba. Baba Malam, ka hana a ambace ka, to ban kama suna ba, amma duk wanda ya zauna a ɗakin ya san ka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ina godiya ga shugaban makarantar da ya buɗe mana aji lokacin da muka rasa wurin zama, da Baba mai gadi da ke jera mana benci a da'ira tun kafin mu iso, ba tare da an sa shi ba. Hajiya mai abinci ta ciyar da mu bashi ba ta taɓa ɓata fuska ba, Allah ya yalwata kasuwarta. Abokiyar aikina ta taso daga jinya ta zo ta riƙe rukuni guda, ƙanena ya sha zirga-zirgar kwafo takardu cikin ruwa, maigidana da surukata kuwa su suka riƙe gida da yara har na samu natsuwa. Akwai 'yan uwa na jini da na sanar wa ranar rufewa, har na sa aka ajiye musu kujeru a gaba. Na san kowa da uzurinsa, Allah ya bar zumunci.

Ku kuma ɗalibanmu, ina roƙon kowa ya riƙe abokin da aka haɗa shi da shi, ku riƙa halartar zaman juna kuna faɗa wa juna gaskiya bayan an tashi daga zaman, kamar yadda muka yi alkawari. Allah ya sanya albarka a abin da kuka koya, ya ba ku haƙurin saurare da hikimar tambaya, ya amfanar da unguwanninku da ku. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da kuɗinsa ko ƙarfinsa ko addu'arsa, ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.