Istaj ɗina a Rabat, kwanakin farko

Tun da na dawo Maraɗi ƙannenmu na fakilte ke ta tare ni wai yaya istaj ɗin Maroko, wato koyon aikin likita da na yi a asibitin can, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Tahiyar ba wani abu ba ce, kar daga nan zuwa Yamai kilomita sama da 600 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sai jirgi zuwa Kasablanka, daga can jirgin ƙasa ya kai ka Rabat. Ku dai riƙi rigar sanyi mai kauri in lokacin hunturu ne, sanyinsu na bakin teku ne mai danshi, ba irin namu busasshe mai ƙura ba, har cikin ƙashi kake jin shi in za ka gardi, wato aikin kwana a asibiti.

Abin da ya fi ba ni wuya wallahi ba karatun likita ba ne, harshe ne. Na tahi da ƙarfin gwiwa tunda lokotoro duka Faransanci suke yi a istaf, wato taron tattauna marasa lafiya, da bizit, wato zagayen duba su, dosiye ma, wato takardun bayanin maras lafiya, da Faransanci ake rubuta shi, amma kana isa bakin gadon maras lafiya sai komai ya koma Darija, wato Larabcinsu na gida, wasu tsofaffi ma da suka zo daga duwatsu Tamazight suke ji. Larabcin makarantar allo da na islamiyya ya taimake ni ga gaisuwa da addu'a, iyakarsa kenan. Mu nan kun sani, ka tsuguna ka ce Baba ina kwana, ya jiki, ya iyali, kafin ka ɗora mashi hannu ya riga ya ba ka rabin labarin ciwon, har sassaƙen da ya sha a gida zai faɗa maka in ya ga ka girmama shi. Can kuwa ina tsaye da farar riga, tsohuwa na ta yi min bayani tana nuna ciki tana hawaye, ni ko sai in jira wani ɗalibi ya gama nashi aiki ya zo ya fassara min a taƙaice, kuma na san abin da ta faɗa ya fi haka yawa. Wannan abu ya ci min rai ƙwarai. Sai na sayi ɗan karne, kullum da dare wata infirmiya mai kirki tana karanta min tambayoyi ina rubutawa, ina ke ciwo, tun yaushe, akwai amai, akwai zazzaɓi, ja numfashi. Ran da na fara yi da bakina wani dattijo ya kama hannuna ya yi ta sa min albarka, daga nan aikin ya fara shiga.

Wajen dosiye kam sun matsa mana kuma na gode da hakan. Da safe kai za ka gabatar da maras lafiyarka a gaban kowa, tarihin ciwo, abin da ka gani, abin da kake zato da dalilinka, in ka ce a yi sikana, wato hoton cikin jiki da na'ura, sai farfesa ya tambaye ka me kake nema a ciki. Na'ura tana nan amma ba a barin ka ɓuya bayanta.

Can na fara ganin ciwon da ake kira kis idatik da idona, a eko, wato na'urar hoton ciki, ƙullutu cike da ruwa zaune cikin hanta. Tsutsa ce da ke rayuwa cikin hanjin kare, kare ya ci kayan cikin tunkiya mai ciwon, ƙwan ya fita ta kashinsa ya shiga ruwa ko ganye, mutum ya ci, sai ta yi shekaru tana girma shiru. Ba a soka mata allura haka kawai don in ruwan ya zube cikin jiki yana iya kashe mutum nan take, albendazol ake bayarwa kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Tun ranar nake tunanin karnukan da ke yawo wajen mahauta a garuruwanmu.

Amma fa mu ma muna da namu. Hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar Maroko ta rabu da palu, wato zazzaɓin cizon sauro, tun 2010, saboda haka ɗalibansu a littafi suka fi sanin shi. Wani dare aka kawo wani saurayi ɗan ƙasar, zazzaɓi da rawar ɗari da amai, idonsa ya ɗan yi rawaya kuma ya fara ruɗewa. Ni da na yi damina a pediyatiri nan Maraɗi, watan Agusta da Satumba yara har ƙasa, jikina ya ba ni tun daga ƙofa. Na roƙi a tambayi ɗan'uwansa ko ya yi tahiya, ashe bai daɗe da dawowa daga aiki a Kodebuwa ba. Aka yi gut epes, wato awon jini na neman palu, ta nuna falsifarom, ƙwayar palu mafi haɗari, aka fara artesunat ta jijiya, 2.4 mg kowane kilo, a maimaita bayan awa 12 da awa 24, ana duba sukarin jininsa don palu mai tsanani yana saukar da shi. Yaron ya tashi alhamdulillahi. Bayan nan intern ɗin da ke aiki a daren, wato ƙaramin likita mai neman ƙwarewa, ya zaunar da ni muka yi ta hira kan palu na yara, da tamowa, da maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 lokacin damina, yana rubutawa kamar yadda nake rubuta nasu.

Wanda zai tahi bana ya tabbatar ya gama allurar hepatit B, ya riƙi karnen rigakafinsa, kuma ya nemi wanda ya yi karatu can ya fara koya mashi Darija tun yana gida. Karne na na tambayoyin Darija yana nan, duk mai so ya zo ya kwafa.