Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Barcin Baƙin Ciki

A makon jiya na tsaya a ranar da aka sallamo maigidana daga asibiti, hannunsa na dama da ƙafarsa sun shanye, bakinsa ya karkace, likita yana ce mini sauran aikin na gida ne da haƙuri. Abin da zan faɗa yau shi na fi jin nauyin faɗa a duk labarin nan, don ni ce mai laifi a cikinsa.

A watannin farko addu'a ba ta yi mini wuya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ƙarfe 4 na asuba ina durƙushe a bakin gado, ina azumi, ina kuka, 'yan'uwa daga ikilisiya suna cika mana ɗaki da waƙa. Na sa a raina cewa nan da wata 2 ko 3 zai miƙe. Wata 3 ya wuce, 6 ya wuce. Masu zuwa suka ragu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da nasa kayan a ka. Ni ma na ragu, sai dai ban san na ragu ba.

Ban taɓa buɗe baki na yi wa Allah saɓo ba. Ko fushi ban yi da shi ba, da ma na yi, da na san akwai sauran wuta. Addu'ar awa guda ta koma ta minti 10, ta koma "Ubangiji, ka san komai" ina jan bargo. Ranar Lahadi ina zuwa sujada, ina zama a baya, bakina yana bin waƙa, hankalina yana lissafin lokacin magani. Littafi Mai Tsarki nawa yana kan ƙaramin teburin da ke gefen gadonsa, amma ya zama matashin kwalaben magani. Har gindin kofin ruwa ya bar zobe a bangonsa, zoben yana nan har yau. Wani dare maigida ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna shi, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da kalma ɗaya: "Karanta." Na ce, "Baban yara, bari sai gobe, na gaji." Goben nan ta kai wata 4.

A cikin wannan lokaci ne fastonmu ya yi wa'azi a kan ikilisiyar Lawudikiya, Wahayin Yahaya sura 3. Ya yi bayani sosai. Ya ce birnin yana ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, garin masu kuɗi ne, sun shahara da baƙin ulu da maganin ido. Girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, mutanensa suka sake gina shi da dukiyarsu ba tare da taimakon Roma ba. Maƙwabciyarsu Hirafolis tana da maɓuɓɓugan ruwan zafi, Kolosi tana da ruwan sanyi, su kuwa nasu ruwan daga nesa ake janyo shi. Shi ya sa da Yesu ya ce musu su ba zafi ba sanyi, zai tofar da su daga bakinsa, sun san abin da yake nufi.

Na saurara har ƙarshe, na ce a zuciyata wannan wa'azin masu ƙoshi ne. Sakaci ciwon wanda ya samu ne. Ni da nake juya babban mutum a gado sau 6 a rana, wa zai ce mini na yi sanyi? Na fita daga majami'a ina jin kamar an wanke ni. Yanzu in na tuna, wannan ce ranar da na fi nisa da Ubangiji, don a ranar na samo wa barcina hujja.

Akwai wata tsohuwa a ikilisiyarmu, kowa Mama yake ce mata. Ita kaɗai ce ba ta daina zuwa ba. Ta yi jinyar nata mijin shekaru kafin ya rasu, saboda haka ba ta tambayar "yaya mai jiki" ta tashi, takan zauna. Wata Alhamis ta zo, ta gaisa da maigida, idonta ya sauka a kan teburin. Ba ta ce komai ba. Ta kwashe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta goge bangon littafin da gefen zanenta, ta miƙo mini.

"'Yata, idona ya mutu, karanta mini Luka 22, daga aya 39."

Na karanta kamar mai biyan bashi. Yesu a Dutsen Zaitun, ya ja gefe misalin nisan jifa, ya durƙusa. Da na kai aya 45 ta ɗaga hannu. "Maimaita." Na maimaita: ya tashi daga addu'a, ya zo wurin almajiransa, ya tarar suna barci saboda baƙin ciki.

"Saboda me?"

"Saboda baƙin ciki, Mama."

"To. Matiyu da Markus sun ce idanunsu ne suka yi nauyi. Luka likita ne, shi ya faɗi sunan ciwon. Mutanen nan ba ƙoshi ne ya kwantar da su ba, 'yata. Suna ƙaunarsa. Amma me ya ce musu?"

Na duba aya 46. Ya tambaye su don me suke barci, ya ce su tashi su yi addu'a kada su faɗa cikin gwaji. Ya san dalilinsu sarai, bai kuwa karɓe shi a matsayin uzuri ba. Kuma a daren nan ɗin, Bitrus da ya yi barci a gonar ya yi musun saninsa sau 3. Na rufe littafin, hannuna yana rawa. Na ce, "Mama, na gaji ne." Da kuka na faɗa, kuka na farko cikin watanni.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo labarin Iliya, 1 Sarakuna 19, da ka ta ba da shi. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, saƙon Yezebel guda ɗaya ya sa shi gudu cikin jeji, ya roƙi mutuwa, ya kwanta barci. Allah ya bar shi ya yi barcin. Mala'ika ya tashe shi sau 2, ya ba shi abinci da ruwa, ya ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Ya yi kwana 40 yana tafiya zuwa Horeb, a can aka tambaye shi abin da yake yi a wurin, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka maishe shi bakin aiki.

"Gajiya ba zunubi ba ce," in ji Mama. "Ki kwanta, ni zan zauna da shi har yamma. In kin tashi, ki tashi duka."

Na yi barcin awa 5 a ranar, irin wanda rabona da shi tun kafin ciwon. Da daddare na jawo kujera kusa da gado na karanta masa Zabura 121, ayoyi 8 ne kacal. Da na gama ya yi ta motsa leɓe, yawu yana zuba ta gefen da ya shanye, har ya ce "Amin." Na goge masa baki.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya daidaita. Washegari na makara, ƙarfe 7 ta same ni a kwance, muryar nan ta ce bari sai gobe. Na durƙusa a makare, na yi minti 5. Kwalaben magani kuwa na nema musu wani wuri. Hannun maigida bai motsa ba a wannan watan, haka ma a na bayansa.

Kwana 9 bayan zuwan Mama aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani ya miƙo mini takarda daga wurin aikinsa. Abin da ke cikinta, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.