Minti huɗun da na goge

Jibi zan miƙa makullin ɗakin adana sauti, bayan shekara biyu ina yanke-yanke da rubuta katin bayani a Dablin, babban birnin ƙasar Ireland. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne "The Gold Ring", wato Zoben Zinare, kiɗan rawa irin wanda suke kira jig.

A watana na uku aka tura ni gundumar Clare in ɗauko wani dattijo mai busa algaitarsu, wadda ake matsa zugazuginta da gwiwar hannu. Kafin ya busa sai da ya ajiye kofin shayi, ya kwashe minti huɗu yana ba ni labari: manomi ne ya yi dare a hanya, ya tarar da aljanu suna rawa. Suka watse, ya tsinci zobe a wurin. Da ya mayar musu, suka ce ya faɗi tukuicinsa, ya ce kiɗan da ya ji yake so. Haka Séamus Ennis, wanda ya zaga ƙauyuka a kan keke yana tattara kiɗa daga 1942, ya riƙa ba da labarin, amma dattijon nan har da sunan gonar da na dangin manomin.

Ni kuwa na yanke surutun, na ajiye busar, na sake ɗaukar wani abu a kan katin na'urar ɗaukar sautin. Kafin bazara dattijon ya rasu.

Shugabar sashenmu ta tsayar da ni gaban ɗalibai tana tambaya ko a ƙasarmu ba a san darajar labarin baka ba. Ni da na taso ina jin ana cewa makaɗi wane aljanu ne suka ba shi waƙa! Ita ce fa ta ce min kiɗan kawai take so, kada in cika mata faifai da hira. Ban tuna mata ba. Laifina ne, amma ba ni kaɗai na ci tuwon ba.

Ga wanda zai gaje ni: kwafi biyu kafin ka taɓa komai, kuma umarnin baki ka nemi a rubuto maka shi. Kada ka yarda da sunan kiɗa. Littafin kaɗe-kaɗe na O'Neill na 1903 kaɗai yana da kiɗa 1,850, kuma kiɗa ɗaya kan amsa suna uku. Kiɗan "Miss McLeod's" daga Sikotlan ya zo, ko da za a yi maka musu.

Katin bayani 600 na bari a ɗakin nan. Babu wanda shugabar ta dawo min da shi gyara.