Wanda bai zo asibiti ba, wa ya ƙirga shi?

Rahoton farko da na rubuta a aikin binciken harkar lafiya, da alfahari na miƙa shi. An ba ni bayanan yadda gidaje ke kashe kuɗi, na auna su da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shekaru tana aiki da shi: gidan da neman magani ya cinye masa fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin da yake kashewa, ya shiga matsi ke nan. Lissafina ya nuna gidajen da suka fi talauci ba su cika faɗawa cikin matsin ba. Har na rubuta cewa tsarin yana kare talaka.

Shugabar sashenmu ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Wanda ciwo ya kwantar a gida saboda ba shi da ko sisi, nawa ya kashe?"

Bai kashe komai ba. A takardata kuwa, wanda bai kashe komai ba yana cikin waɗanda suka tsira. Rajistar asibiti ma haka take, sunan wanda ya iso kaɗai ta sani.

Wannan kunyar ce ta sa na sake karanta gwajin da cibiyar bincike ta RAND ta yi a Amurka daga shekarun 1970 zuwa 1982. An raba iyalai kusan 2,750 ta hanyar ƙuri'a: wasu magani kyauta, wasu su biya wani kaso. Masu biya sun rage zuwa wurin likita, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sun rage zuwan da ke da amfani da wanda ba shi da shi kusan daidai wa daida. Mara lafiya ba likita ba ne, ta yaya zai tantance ciwon da zai iya jira? Talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi a ɓangaren kyauta, ga shi hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.

Amma fa cire kuɗi ba ya gama magana. Yuganda ta soke biyan kuɗi a asibitocin gwamnati a 2001, talakawa suka yi ta tururuwa, sai dai magani kan yanke, a tura mutum ya saya a waje.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kai sakamako gaban masu tsara manufa. A jihar Oregon ta Amurka, a 2008, an yi ƙuri'ar shigar da masu ƙaramin ƙarfi inshorar lafiya ta gwamnati mai suna Medicaid. Bayan kimanin shekara biyu bashin asibiti ya ragu, ciwon damuwa ya ragu, amma ba a ga wani canji na a-zo-a-gani ba a hawan jini da sukari. Masu goyon baya suka ɗauki rabin farko, masu adawa suka ɗauki na biyu, kowa yana cewa bincike ya tabbatar. Jami'in da zai karanta rahotonka shafi ɗaya yake da lokacinsa, don haka na daina ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba a shafi na talatin.

Rahoton nan nawa sai da na sake shi daga tushe. Tambayar da na ƙara a takardar binciken gajera ce: a watan da ya wuce, akwai wanda ya yi ciwo a gidan nan bai nemi magani ba, kuma me ya hana shi?