Abin da na koya game da gajiya da ƙarin ruwa

Marasa lafiya da yawa suna shigowa asibiti da magana ɗaya: "Jikina ba ƙarfi, a ƙara min ruwa." Aikin jinya ya koya mini cewa kafin a rataya leda, sai an bi hanyar da ƙarfi ke bi a jiki an ga inda ta toshe.

Abinci yana narkewa ya koma suga, jini ya kai shi ƙwayoyin halitta, a can wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya su ƙona shi da iskar oksijin su samar da sinadarin ATP. Da shi tsoka ke motsi, da shi ƙwaƙwalwa ke aiki. In akwai oksijin, ƙwayar suga ɗaya tana ba da ATP kusan 30. In babu, 2 kacal. Shi ya sa in oksijin ya yi ƙaranci a jiki, mutum zai ci tuwo ya ƙoshi, amma hawa bene ya sa shi haki.

Mai ɗaukar oksijin ɗin shi ne himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba ya haɗuwa sai da sinadarin ƙarfe. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jini ya yi ƙasa idan himogulobin bai kai giram 13 a kowace desilita ta jini ba ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki. A ja fatar ido ta ƙasa, a duba tafin hannu. In sun yi fari, a tura gwaji. Sai tambaya ta gaba, wadda aka fi tsallakewa: ina jinin yake tafiya? Yawan zubar jinin al'ada, haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro mai fasa ƙwayoyin jini, tsutsar da ke shiga ta ƙafa in ana yawo ba takalmi, gyambon ciki mai zubar da jini a ɓoye.

Ledar ruwan suga ta rabin lita mai kashi 5 cikin ɗari, giram 25 ne na suga a cikinta, wajen cokalin shayi shida. Ba ta ƙara jini ko ɗigo.

Ƙwayar maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana aiki, amma da sharaɗi. Kada a kora ta da shayi ko madara, suna hana hanji tsotse ta. Ruwan lemu ya fi. Bayan gida zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. A ci gaba da sha wata uku bayan gwaji ya daidaita. Mai sikila kuwa kada ya sha sai likita ya gwada.

In jini ya cika amma kasala ba ta tafi ba, a auna suga da safe kafin a karya. Daga 126 (a ma'aunin mg/dL) zuwa sama, musamman da ƙishirwa da yawan fitsari, a maimaita gwajin ciwon suga. A taɓa wuya ko akwai maƙoƙo, a tambayi yadda barci yake da munshari, a kuma tambayi damuwa a hankali, don mutane da dama ba sa faɗinta sai an tambaya.