Hayar Keke a Tsibirin Buyukada: Kurakuran da Na Yi, don Kada Ku Maimaita

Ƙannena maza da mata da ke zuwa Istanbul karatu, ko kuma rakiyar iyaye saro kaya, da wuya ku yi mako biyu a birnin ba tare da wani ya ba ku shawarar ku je Buyukada ku sha iska ba. Shawara ce mai kyau, kuma ni ma ita aka ba ni. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne yadda ake hayar keke a can, domin wanda ya ba ni shawarar ya ɗauka cewa duk wanda ya iya keke ya gama sanin abin da ake bukata. Ni ma haka na ɗauka. Na dawo da rauni a gwiwa da tafin hannu, na kashe fiye da ninkin kuɗin da na yi niyya, kuma rabin abin da na je gani ban gan shi ba. Na sake komawa daga baya na gyara, shi ya sa nake ganin ya kamata in rubuta muku abin da ya faru dalla-dalla.

Buyukada na nufin babban tsibiri da Turkanci, kuma shi ne mafi girma a cikin wani rukunin tsibirai tara da ke Tekun Marmara, waɗanda mutanen Istanbul ke kira Adalar. Faɗinsa gaba ɗaya bai kai murabba'in kilomita 6 ba. An hana motocin masu zaman kansu shiga, kuma kekunan doki da aka san tsibirin da su shekara da shekaru, waɗanda ake kira fayton, an dakatar da su a 2020 bayan wata cuta ta ɓarke a cikin dawakan, aka maye gurbinsu da ƙananan motocin haya masu aiki da lantarki. Saboda haka baƙo yana da zaɓi uku: ya taka da ƙafa, ya bi layin motocin lantarki, ko ya yi hayar keke. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke son ya zaga ko'ina cikin yini guda, keke ne ya fi dacewa, kuma har gobe shi nake ba da shawara.

Kuskurena na farko tun ban hau jirgin ruwa ba na yi shi. Na zaɓi ranar Lahadi a watan Yuli, lokacin da zafi da hutu ke kora mutanen birnin zuwa bakin ruwa, sannan ban bar masauki ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Jirgin da na hau daga tashar Kabatash, a ɓangaren Turai na birnin, yana tsayawa a tsibiran Kinaliada, da Burgazada, da Heybeliada kafin ya ƙarasa Buyukada, tafiyar da ke cin kusan awa ɗaya da rabi, alhali daga Bostanci, a ɓangaren Asiya, an fi kusa ƙwarai. Na sauka gab da azahar tare da ɗaruruwan mutane, kowa ya nufi shagunan keke da ke bayan dandalin hasumiyar agogo. Waɗanda suka yi sammako sun riga sun kwashe kekuna masu lafiya tun da safe. Abin da ya rage a jingine a bango shi ne wanda wasu suka duba suka ƙi.

A nan ne na yi kuskuren da ya haifi sauran. Na taso a unguwar da ake ba yara hayar keke na 'yan mintoci, na kuma yi shekaru ina zuwa makaranta a kan tsohon Phoenix na mahaifina, don haka a raina babu abin da wani zai koya mini game da keke. Na bi shago uku ina tambayar farashi kawai, na tsaya a wanda ya fi araha, na biya kuɗin awa biyu. Ban matsa birki ba, ban taɓa giya ba, ban zauna a sirdi na gwada tsawonsa ba. Na danna taya da babban yatsa, na ji akwai iska, na ɗauka shi ke nan. Wannan binciken ya wadatar ga keken da za a tuƙa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maradi, inda idan birki ya ƙi mutum zai iya jan ƙafa a ƙasa ya tsaya. Buyukada kuwa tuddai biyu ne da kwari a tsakaninsu. Na kudu, wanda ake kira Yujetepe, tsawonsa ya kai kimanin mita 200 daga bakin teku, na arewa kuma bai kai shi ba amma shi ma ba wasa ba ne, kuma hanyar da ta zaga tsibirin hawa ce da gangara, da kwanoni a bakin gaɓa mai zurfi. A irin wannan wuri, robobin birki guda huɗu da ba su kai tsawon yatsa ba su ne ke tsakanin mutum da asibiti.

Mai shagon ya nemi in bar shaida, ni kuwa na zaro fasfo ɗina na miƙa masa ba tare da tunani ba, ya jefa a aljihun tebur tare da katunan wasu. Neman shaida al'ada ce a shagunan hayar, kuma ban ga laifinsu ba, tunda dukiyarsu suke ba baƙon da ba su sani ba. Amma kada ku taɓa barin fasfo. Ku ba da katin makaranta, ko lasisin tuƙi, ko ku nemi a karɓi kuɗin ajiya a rubuta muku a takarda. Wanda fasfonsa ke hannun wani ba shi da bakin ja-in-ja, kuma na gane haka da yamma.

Daga cikin gari hanya ta bi ta tsakanin manyan gidajen katako na zamanin Daular Usmaniyya, masu farin fenti da baranda, furanni jajaye sun lulluɓe katangunsu. A wannan tsibirin ne ɗan juyin juya halin Rasha, Leon Trotsky, ya yi zaman gudun hijira daga 1929 zuwa 1933 bayan Stalin ya kore shi, kuma kangon ɗaya daga cikin gidajen da ya zauna yana nan har yanzu. Na wuce duk wannan ban ɗaga kai ba, domin tun a hawan farko na gane cewa giyar keken ta maƙale a mai nauyi, sirdin kuma ya yi mini ƙasa har gwiwoyina na neman taɓa kan keken. Da na taka da ƙarfi sai kaca ta zame. Sau uku ina sauka ina mayar da ita, hannuna ya yi baƙi ƙirin da mai, agogo kuma yana cin awa biyun da na biya. Abin da hayar awa ke yi wa mutum ke nan: tana sa shi kallon agogo a wurin da ya je kallon teku. Da na tambaya daga baya, sai na tarar kuɗin yini guda a shagon da ke kusa bai wuce kuɗin awa uku na inda na ɗauka ba.

Na isa dandalin da ke tsakanin tuddan biyu, wanda ake kira Lunapark, inda hanyoyi suke rabuwa. Daga nan ne ƙaramin zagaye ke juyawa ya koma gari, babban zagaye kuma, mai sama da kilomita 10 gaba ɗaya, ya nausa kudu inda gidaje ke ƙarewa. Daga nan ne kuma ake hawa zuwa tsohuwar majami'ar Girkawa ta Aya Yorgi da ke ƙolin Yujetepe, wadda dubban mutane ke ziyarta duk ranar 23 ga Afrilu, sauran ranaku kuwa yawanci don kallon teku da birnin Istanbul daga sama ake zuwa. Hawan ya kai kusan kilomita ɗaya, an shimfiɗe shi da duwatsu, kuma tsayuwarsa ta fi ƙarfin keke. Sauran mutane na ga suna ɗaure kekunansu a ƙasa suna hawa da ƙafa. Ni ba a ba ni kwaɗo ba, domin ban nema ba, kuma tsoron a sace keken da fasfona ke jingine a kansa ya sa na tura shi har sama cikin rana, babu ruwa a hannuna sai ragowar rabin gora. Na isa ƙoli numfashina na sarƙewa, na zauna a kan dutse, kuma maimakon in more abin da ke gabana sai lissafin kuɗin ƙarin lokaci nake yi.

Wurin saukowa na yi hankali, na riƙo keken da hannu har ƙasa. Amma da na hau kwalta sai na ce bari in rama lokacin da na ɓata, na saki keken a wata doguwar gangara. Ana gab da wata kwana sai ga motar lantarki ta ɓullo, kuma waɗannan motoci ba su da ƙarar inji da za ta gargaɗe ka tun daga nesa. Na matse birkin baya har ya taɓa kan keken, ban ji ya kama komai ba. Cikin firgita na damƙe na gaba da dukan ƙarfina, tayar gaba ta tsaya cak a kan busassun ganyen itatuwan wurin masu siffar allura da suka taru a gefen hanya, ta zame, na kife a kan tsakuwa. Allah ya kiyaye ban faɗa gaban motar ba, kaina kuma bai bugu ba, ko da yake babu hular kwano a kaina. Wandona ya yage, gwiwa ta ɗaye, tsakuwa ta shige tafin hannuna na dama. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar lambunsa ya taso da gorar ruwa da auduga, ya wanke mini ciwon, sannan ya juya keken ya nuna mini birkin baya da yatsa. Robar gefe ɗaya ta cinye har ƙarfe ya fito, ɗayan gefen kuwa babu robar ma sam. Abu ne da zan iya gani cikin daƙiƙa biyar a ƙofar shago da na sunkuya.

Na turo keken da ƙafa har gari. Mai shagon ya lissafa mini ƙarin awa uku, ya kuma nuna kwandon gaba da ya lanƙwashe da wani karce a jikin keken ya ce sai na biya. Kwandon ni na lanƙwasa shi, amma karcen na tabbata tsoho ne, har ya yi tsatsa. Ba ni da hoton da zan nuna, Turkancina bai kai na gardama ba, jirgin da nake son kamawa ya kusa tashi, fasfona kuma yana cikin aljihun teburinsa. Na biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a ranar kuɗin da na zube a shagon nan sun isa hayar keke mafi kyau a layin har kwana biyu. La'asar ma sai a makare na yi ta, domin ban tsara inda zan yi sallah ba, alhali Masallacin Hamidiyya, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19 zamanin Sarki Abdulhamid na biyu, yana nan a saman gari, tafiyar 'yan mintoci daga tashar jirgi.

Da na koma karo na biyu, ranar Talata ce a watan Oktoba, kuma jirgin sassafe na bi. Na riƙe kalmomi huɗu da suka yi mini amfani: gunluk, wato na yini, saatlik, wato na awa, fren, birki ke nan, sai kilit, wato kwaɗo. Na tambayi farashin yini a shaguna da dama, kuma na lura waɗanda ke can ciki, nesa kaɗan da inda jama'a ke fara tururuwa, sun fi sauƙin magana. Kafin in biya ko sisi na sunkuya na dubi robobin birki huɗun da idona, na matse kowane birki shi kaɗai ina tura keken gaba don in ga ko taya za ta tsaya, na hau na zaga layin ina sauya giya daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi, na buga ƙararrawa, na sa aka ɗaga sirdi har ƙafata ta kusa miƙewa idan feda na ƙasa. Keke biyu na ƙi kafin in karɓi na uku, kuma mai shagon bai ɓata rai ba, sai ma ya ɗauko famfo ya ƙara wa tayar baya iska. Na ɗauki hoton keken ta kowane gefe a gabansa, na karɓi kwaɗo da hular kwano, na rubuta lambar wayarsa da lokacin da yake rufe shago, na bar masa katin makaranta. Duk wannan bai ci minti goma ba.

Ga 'yan'uwana mata akwai ƙarin abu guda: doguwar riga ko hijabi mai sauka ƙasa yana iya shiga kaca ko tayar baya, kuma a gangara wannan haɗari ne babba. Ku nemi keke marar sandar tsakiya mai murfin kaca, akwai su da yawa, ku kuma tattare bakin tufafin kafin ku hau.

A cikin kasuwar da ke kusa da tashar jirgi na tura keken da hannu saboda cunkoso, sai da na fita sarari na hau. Na yi babban zagaye da safe kafin rana ta ɗaga, ina bin hannun dama kamar yadda muke yi a gida, ina rage gudu tun kafin kwana, da birki biyu a tare, a hankali. Inda hawa ya fi ƙarfina na sauka na tura, kamar yadda na ga 'yan garin ma suna yi. Na ɗaure keken a Lunapark na hau Aya Yorgi hannu sake, da gora biyu ta ruwa da burodin simit da na saya tun a gari, domin komai yana ƙara tsada idan an yi nisa da kasuwa. Da na sauko sai na ratsa ɗaya tudun na je na ga tsohon gidan marayu na Girkawa, wani ƙaton gini na katako zalla da aka gama a 1898 da nufin ya zama otal, ya koma gidan marayu daga 1903 har aka rufe shi a 1964, kuma ana lissafa shi a matsayin ginin katako mafi girma a Turai. An kewaye shi da shinge saboda ya fara rugujewa, daga waje kawai ake kallonsa, amma na daɗe a tsaye a wurin. Na yi azahar da la'asar kowace a lokacinta, na mayar da keken saura awa guda jirgina ya tashi, mai shagon ya duba shi a gabana, ya miƙo mini katina, na samu wurin zama a saman jirgin tun kafin layi ya yi tsawo.